Sa'a ko Gwaninta? Gardamar da Ke Raba Masoya Wasanni a Amurka Duk Watan Satumba

Da zarar Satumba ya kama a Amurka, manyan wasannin ƙasar guda biyu kan haɗu a wata ɗaya. Gasar besbol ta MLB, wadda ƙungiyoyi 30 ke fafatawa a cikinta tun ƙarshen Maris, tana shiga makonninta na ƙarshe, kowace ƙungiya na dab da cika wasanni 162. A daidai lokacin ne kuma ake buɗe gasar NFL ta ƙwallon zari-rugar Amurka, inda ƙungiyoyi 32 ke buga wasanni 17 kacal kowacce. Daga nan sai gidajen rediyo da talabijin da wuraren shan shayi na ofisoshi su ɗauki zafi da tambayoyi biyu: wace ƙungiyar besbol ce ta cancanci shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, kuma wane kwatabak ne ya cancanci a ci gaba da damƙa masa ragamar ƙungiya?

Ga wanda ya saba da gasar Firimiyar Ingila, inda wanda ya ƙare a saman teburi shi ne zakara, tsarin Amurka na da ban mamaki. Can, doguwar kakar wasa tikiti kawai take bayarwa. Kofi kuwa sai an sake sabon lale a wasu 'yan wasanni na fitar da gwani. Wannan tsari shi ne tushen gardamar, domin yana tilasta wa mai kallo ya zaɓi ma'auni: aikin wata shida, ko abin da ya faru a dare ɗaya. Babu shekarar da ta fito da wannan tambaya fili kamar 2011.

Daren 28 ga Satumba

A wancan lokaci ƙungiyoyi takwas ne ke tsallakawa a besbol: shida da suka lashe rukunoninsu, sai biyu da ke samun gurbin alfarma, wato mafi yawan nasara a cikin waɗanda ba su lashe rukuni ba. A farkon Satumban 2011, Boston Red Sox ta ba Tampa Bay Rays tazarar wasanni tara a neman wannan gurbi. A ɗaya ɓangaren gasar kuma Atlanta Braves ta ba St. Louis Cardinals tazarar sama da wasanni takwas. Masu lissafi sun riga sun rufe littafi.

Sai ƙafa ta zame. Boston ta ci wasa 7 ta sha kashi a 20 a cikin watan. Atlanta ta ci 9 ta faɗi a 18. Ranar ƙarshe ta riski ƙungiyoyin huɗu kunnen doki, biyu-biyu.

Cardinals ta gama nata aikin da wuri, ta lallasa Houston da ci 8 da nema, majefinta Chris Carpenter ya jefa wasan daga farko har ƙarshe. Atlanta na gaba da Philadelphia har zagaye na tara, wanda shi ne na ƙarshe a ƙa'ida, amma aka farke, aka tafi ƙarin lokaci, ta faɗi da ci 4 da 3 a zagaye na 13.

A Baltimore, Boston na gaba da 3 da 2 lokacin da ruwan sama ya tsayar da wasa. 'Yan wasanta suna ɗakin hutu suna kallon abokiyar hamayyarsu a talabijin, wadda New York Yankees ta jiƙa wa gari da ci 7 da nema. A zagaye na takwas Tampa Bay ta zura shida. A na tara, saura jifa ɗaya wasa ya tashi, wani ɗan benci mai suna Dan Johnson, wanda tun Afrilu rabonsa da bugun kirki a babbar gasar, ya maka ƙwallo ta tsallake katanga, aka dawo bakwai-bakwai.

Da aka koma fili a Baltimore, majefin da Boston ke rufe wasa da shi, Jonathan Papelbon, ya fitar da mutum biyu, saura ɗaya. Sai aka yi masa bugu uku a jere. Na ƙarshen, na Robert Andino, ya faɗi a gaban Carl Crawford, ɗan wasan da Boston ta ɗauko daga Tampa Bay ɗin kanta a kan kwantiragin dala miliyan 142 na shekara bakwai. Mintuna kaɗan bayan haka, da tsakar dare agogon gabashin Amurka, dab da asuba agogon Najeriya, Evan Longoria ya buga ƙwallon da ta haye katanga a zagaye na 12. Tampa Bay, wadda albashin 'yan wasanta ya tsaya a kusan kashi ɗaya cikin huɗu na na Boston, ta wuce. Boston ta koma gida.

Neman mai laifi

Washegari magoya baya suka rabu gida-gida. Wasu suka ɗora wa Papelbon da Crawford. Wasu suka zargi Yankees da sakaci, tunda ta riga ta samu gurbinta, ta bar gwanin rufe wasanta Mariano Rivera a benci. Wasu kuma suka ce dare ɗaya bai isa ya kayar da ƙungiyar da ta yi asarar wasa 20 a wata guda ba, a je a binciki majefan da suka yi ta zubar da maki tun farkon watan.

Hukumar ƙungiyar ba ta jira gardamar ta lafa ba. Bayan kwana biyu aka raba gari da koci Terry Francona, mutumin da ya kawo wa Boston kofi a 2004 bayan shekara 86 tana jira, ya kuma ƙara wani a 2007. A Oktoba jaridar Boston Globe ta wallafa rahoton cewa wasu majefan ƙungiyar kan zauna a ɗakin hutu suna shan giya da cin soyayyar kaza ana tsaka da wasa. Nan take labarin kaza ya zama bayanin komai. Waɗanda ba su gamsu ba suka yi tambaya mai nauyi: ashe ba wannan ƙungiyar ce ta yi ta cin wasa daga Mayu zuwa Agusta da waɗannan mutanen ba? Da ƙwallon Andino ta faɗa hannun Crawford, wa zai tuna da kaza? Idan bango ya tsage, kowa kan nuna ƙadangaren da ya fi kusa da shi.

Abin da ya biyo baya ya ƙara wa gardamar gishiri. Cardinals, mai nasara 90, ta fitar da Philadelphia mai nasara 102, wadda ta fi kowa a kakar, da ci 1 da nema a wasan raba gardama. Daga nan ta je ta doke Texas Rangers a wasan ƙarshe na World Series, bayan sau biyu ana saura jifa ɗaya a fitar da ita a karawa ta shida.

Kwatabak ɗin da ba ya jifa daidai

Ana cikin wannan ne wata wutar ta kama a birnin Denver. A zari-rugar Amurka, kwatabak shi ne madugu. Ƙwallo na bi ta hannunsa a kusan kowane hari, shi ke karanta tsayuwar abokan gaba, ya yanke shawarar jifa ko miƙawa ko rugawa cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. Saboda haka idan aka ci, sunansa ake kira, idan aka faɗi ma haka, ko da yake mutum 11 ne a fili, kuma ba ya nan sam lokacin da ƙungiyarsa ke tsaron gida.

Denver Broncos ta fara kakar 2011 da Kyle Orton, ta ci wasa ɗaya cikin biyar. Magoya baya suka riƙa rera sunan Tim Tebow a filin wasa, har da masu biyan kuɗin allon talla a bakin titi suna neman a saka shi. Tebow ya yi suna tun yana Jami'ar Florida, inda ya lashe kambun Heisman a 2007, kuma an san shi da durƙusawa ya yi addu'a a gefen fili, abin da ya ƙara masa masoya, ya kuma ƙara masa masu suka. Koci John Fox ya ba shi dama.

A wasansa na farko, Miami na gaba da 15 da nema saura ƙasa da minti uku, Denver ta farke ta ci 18 da 15. A Nuwamba ya jefa ƙwallo sau takwas a kan Kansas City, biyu kacal suka isa hannun abokan wasansa, amma aka ci 17 da 10. Ƙungiyar ta jera nasara shida. Jimillar kakar, kashi 46.5 cikin 100 na jifansa ne suka isa inda aka nufa, alhali gwanaye kan haura kashi 60.

Masoyansa suka ce ai ga zahiri, ba a neman shaida a kan rana: mutumin yana cin wasa, kuma yana da wani abu a zuciya da alƙaluma ba sa iya aunawa. Masu suka suka ce a duba wanda ya yi aikin. 'Yan tsaron gida, ciki har da sabon shiga Von Miller, su ke riƙe abokan gaba a ƙananan maki. A wasan Chicago na Disamba, mai bugun ƙafa Matt Prater ne ya farke daga nisan yadi 59, ya kuma ci wasan daga yadi 51, bayan ɗan wasan Chicago Marion Barber ya tafka kurakurai biyu. Sai Denver ta faɗi a wasanni uku na ƙarshe, na ƙarshensu a hannun Orton ɗin da ta sallama, masu suka suka ce maganarsu ta fito.

Ranar 8 ga Janairun 2012 aka juya musu zance. A zagayen sili-ɗaya-ƙwale, Tebow ya jefa yadi 316 a kan Pittsburgh, ya rufe da jifa ɗaya ga Demaryius Thomas wanda ya ruga yadi 80 a harin farko na ƙarin lokaci. Bayan mako guda New England ta casa su 45 da 10. Kowane ɓangare ya samu hujjar da zai riƙe. A Maris, shugaban harkokin wasa na ƙungiyar, John Elway, wanda shi kansa tsohon kwatabak ne mai kofi biyu, ya yanke hukunci: ya ɗauko Peyton Manning, ya tura Tebow New York Jets.

Abin da alƙaluma ke iyawa

Gardamar biyu uwarsu ɗaya. Besbol na da wasanni 162, saboda haka sa'a kan wanke kanta a tsawon kaka, amma karawar wasa biyar ko bakwai ba ta isa ta bambance gwani da mai bi masa ba. NFL kuwa duk kakarta gajera ce, kuma aikin kwatabak a cuɗe yake da na masu kare shi, da masu karɓar jifansa, da dabarun koci. Ma'aunin da hukumar gasar ke amfani da shi tun 1973, wanda ƙololuwarsa 158.3 ne, bai ƙirga gudun kwatabak da ƙafarsa ba, wanda shi ne ƙarfin Tebow. A 2011 ɗin ne tashar ESPN ta fito da nata sabon ma'aunin, shi ma ya zama abin gardama.

Ƙarshen kakar ya rikita kowa. Aaron Rodgers ya kafa tarihin ma'auni 122.5, Green Bay ta ci wasa 15 cikin 16, amma New York Giants mai nasara tara kacal ta fitar da ita a gida, ta je ta ɗauki kofin Super Bowl. A cikin 'yan tsaron Giants akwai Osi Umenyiora da Prince Amukamara, dukansu 'ya'yan 'yan Najeriya.

Labarin Manning a Denver ya fi wannan ban mamaki. A 2013 ya jefa ƙwallon ci 55 da yadi 5,477, tarihin da ba a taɓa kafawa ba, amma Seattle ta lallasa su 43 da 8 a wasan ƙarshe. A kakar 2015, ƙarfinsa ya ja baya, ya jefa ƙwallon ci 9, abokan gaba suka cafke masa 17, sai ga shi da kofi, Von Miller ne gwarzon wasan. Wanda ke auna kwatabak da kofi dole ya ce Manning na 2015 ya fi na 2013, ya kuma ce Trent Dilfer na Baltimore ya fi Dan Marino wanda bai taɓa ɗauka ba. Ba a cika samun mai furta haka ba.

Abin da ke kan faifai ya wuce hira. Kwantiragin kwatabak ya kai dala miliyan 60 a shekara, kamar wanda Dak Prescott ya sa wa hannu da Dallas a 2024, kuma kuskuren zaɓe kan ci kujerar koci da manaja. Masu gasar kuwa sun gano cewa gardama kasuwa ce. MLB ta ƙara guraben alfarma a 2012, ta mayar da masu tsallakawa 12 a 2022. A 2023 Atlanta mai nasara 104, da Baltimore mai 101, da Los Angeles Dodgers mai 100, duk sun faɗi a karawarsu ta farko, Arizona mai nasara 84 ta kai wasan ƙarshe. Masu ra'ayin riƙau na cewa an zubar da darajar wata shida. Masu goyon baya na cewa yanzu birane da yawa na da abin sa rai har ƙarshen Satumba.

Shi kuwa Tebow bai sake zama madugun wata ƙungiya ba. A 2016 ya koma besbol, ya shiga ƙananan ƙungiyoyin New York Mets, ya kai matakin da ke dab da babbar gasa a 2019, ya ajiye sanda a 2021. Francona ya koma Cleveland, ya kai ta wasan ƙarshe a 2016, inda ya faɗi a karawa ta bakwai a hannun Chicago Cubs, ƙungiyar da tsohon maigidansa na Boston, Theo Epstein, ya gina.