Kilomita Biyar: Zangon Ƙarshe na Ayarin Duwala

Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ba ta da teku. Tashar jiragen ruwan da ƙasar ta fi dogaro da ita tana Duwala a ƙasar Kamaru, tafiyar kusan kilomita 1,400. Shinkafa da fulawa da sukari da man girki da siminti da atamfa duk a bayan manyan motoci suke shigowa, kuma kaso mai tsoka a Kasuwar Kilomita Biyar ake sauke shi kafin ya watsu cikin gari da ƙauyuka.

Unguwar da kasuwar take tana gunduma ta uku, kilomita biyar daga tsakiyar birnin da ke bakin kogin Ubangi. 'Yan gari PK5 suke ce mata. Titin Barthélemy Boganda ne ke kawo mutum daga cikin gari, ya haɗu da titin Koudoukou inda babban masallacin Bangui yake. Tun zamanin mulkin Faransa fatake suka yada zango a nan: Hausawa da Barebari da Fulani da Larabawan Chadi da mutanen Senegal da Mali. Jikokinsu a nan aka yanke musu cibiya, kuma Sango, harshen ƙasar, a bakinsu yake kamar na kowane ɗan Bangui.

Direban da ya ɗauko kaya daga Duwala, motarsa ce gidansa. Akwai katifa a bayan kujera, da risho da tukunya da buta da darduma da jarkar ruwa, ga yaran mota masu girki da gadi. Sai ya tsallaka iyaka a Garoua-Boulaï, ya bi ta Bouar da Yaloké da Bossembélé da Boali, kafin ya iso shingen PK12 a bakin gari. A shekarun rikici, motoci jerin gwano suke yi da rakiyar sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya, tamkar ayarin fataken da. Kwana da kwanaki abincin direba dafa-duka ce a gefen titi. Shi ya sa in ya iso, kafin a gama sauke lodi, hankalinsa ya koma rumfunan abinci.

Da sassafe mai shayi ne sarkin layi, da dogon burodinsa da ƙwai da madara. A gefensa mata na tsamo makara daga mai, wato soyayyen ƙullin fulawa. In rana ta take sai gozo, tuwon garin rogo wanda shi ne abincin yau da kullum na ƙasar. Ana cinsa da ngunza, miyar ganyen rogo da aka kirɓa aka dafa da manja ko gyaɗa, ko kuma da koko, wani ganyen daji da ake yankawa siriri. Kifin Ubangi, musamman giwan ruwa, akan naɗe shi a ganye da albasa da barkono a turara, shi ne maboke. Da la'asar hayaƙin mahauta ke tashi, naman shanun Mbororo da na awaki a kan wuta, ana yanka wa mai saye a takarda da yaji da albasa.

Faranti ɗaya a nan ya haɗa ƙasar baki ɗaya. Rogo da ganye daga gonakin manoman kudu suke, akasarinsu Kiristoci. Kifi na masuntan kogi ne. Nama daga hannun makiyaya da mahauta Musulmi ya fito, gishiri da mai kuma direba ne ya kawo daga bakin teku. Babu wanda zai iya cika tukunyarsa ba tare da ɗan'uwansa ba.

Haka ma cinikin yake. 'Yan sari na cikin manyan shaguna, 'yan kiri na bakin hanya, dillalai na kai kawo, 'yan dako da masu tura kura na ratsa cunkoso. Akan fara tayi da Sango, a ja da Larabci ko Fulatanci, a ƙare da Hausa: "Albarka, Alhaji." "To, ƙara kaɗan." "Na sallama, Allah ya sa da rabo." Kuɗin sefa ne, amma jarin gaskiya amana ce, domin ƙaramin ɗan kasuwa kan ɗauki kaya bashi ya biya bayan ya sayar.

Wannan amanar ta sha wuya. A Maris 2013 'yan tawayen Seleka suka ƙwace mulki, a Disamba kuma mayaƙan Anti-balaka masu adawa da su suka afka wa Bangui. Dubban Musulmi suka tsere Chadi da Kamaru, waɗanda suka rage suka takure a Kilomita Biyar. Da manyan 'yan sari da mahauta suka watse, nama ya yi wuya, farashi ya haura a kowace unguwa. Ranar 30 ga Nuwamba 2015 Fafaroma Francis ya shiga babban masallacin unguwar ya yi kira ga zaman lafiya. A Disamba 2019 'yan kasuwa suka ƙi ci gaba da biyan harajin dole ga ƙungiyoyin da ke iƙirarin tsaron unguwa, aka yi arangama, aka rasa rayuka, shaguna suka ƙone. A ƙarshen 2020 kuma 'yan tawaye suka datse hanyar Kamaru, ɗaruruwan motoci suka maƙale a iyaka tsawon makonni.

Duk da haka kasuwar ta sake cika, kuma masu saye daga sauran unguwanni sun dawo. Abin da take buƙata a bayyane yake: hanya mai lafiya daga iyaka zuwa PK12, haraji ɗaya a hannun hukuma ɗaya, da tsaron da zai sa mai ganyen rogo ta shigo da sassafe ba fargaba. In an samu waɗannan, ragowar aikin 'yan kasuwa sun san yadda ake yinsa.