Mayotte: Tsibirin Afirka Da Ke Karɓar Umarni Daga Paris

Yau za mu leƙa wani yanki da ke Afirka, yawancin mutanensa Musulmi ne, amma kuɗinsu Yuro ne, shugabansu kuma shugaban Faransa. Sunansa Mayotte.

Faransa ta kasa ƙasarta zuwa gundumomi da take kira "département". 'Yan uwanmu na Nijar sun san kalmar, don su ma da ita suke aiki. To, Mayotte ita ce gunduma ta 101.

Tana cikin Tekun Indiya, tsakanin Madagaska da Mozambik. Manyan tsibiranta biyu ne, faɗinta duka bai kai murabba'in kilomita 400 ba. Babban birninta Mamoudzou, mutanen kuma suna jin Shimaore da Kibushi.

Yaya aka yi ta zama Faransa? A 1841 Sarki Andriantsoly ya miƙa ta ga Faransawa. A 1974 aka yi ƙuri'ar raba gardama a tsibiran Komoros huɗu. Uku suka zaɓi 'yancin kai, mafi yawan 'yan Mayotte suka ce a'a. Komoros ta ayyana 'yanci a 1975, Faransa ta riƙe Mayotte. A 2009 kashi 95 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka amince ta zama gunduma, aka tabbatar a Maris 2011. Har yau Komoros na cewa tsibirin nata ne.

Ta fuskar mulki, Paris ke naɗa "préfet", wato wakilin gwamnati mai kula da tsaro da bin doka. Jama'a kuma suna zaɓen majalisarsu da kansilolin ƙananan hukumomi 17, su kuma kansilolin su zaɓi magadan gari. Alƙalan Musulunci da a da suke yanke hukunci, an karɓe wannan iko daga hannunsu.

Ga inda gizo ke saƙar. Mayotte ita ce gunduma mafi talauci a Faransa, amma ta fi maƙwabtanta samu. Shi ya sa mutanen Anjouan, mai nisan kimanin kilomita 70, suke hawa ƙananan jiragen ruwa da ake kira kwassa-kwassa. Tun da aka ƙaƙaba musu biza a 1995, da yawa sun halaka a teku a hanyar zuwa wajen danginsu. Guguwar Chido ta Disamba 2024 kuma ta rusa unguwannin gidajen kwano inda talakawa suke.

To, ku a ganinku, 'yan Mayotte sun yi dabara ko sun yi asara? Sai mun ji daga gare ku.