ME KE SHAN BATIR BAYAN AN KASHE KWAMFUTA?

Mutum ne ya cika batirin kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka ranar Alhamis da daddare, ya kashe ta, ya sa a jaka. Ko ɗalibi ne a Alƙahira, ko ɗan kasuwa a Kumasi, ko ma'aikaci a Landan, labarin ɗaya ne: ranar Asabar da safe ya buɗe ta domin wani aiki na gaggawa, sai ya tarar cajin ya koma kashi 40 cikin 100, ko ma ta ƙi tashi sam, alhali kuwa ba wanda ya taɓa ta. Abin da yakan fara faɗo wa irin wannan mutum a rai shi ne batir ya mutu, sai ya kama hanyar kasuwa. Sau da yawa kuɗin da zai kashe asara ne, domin sabon batirin ma haka zai yi. Ruwa dai ba ya tsami banza, kuma dalilan wannan tsiyaya ba su wuce uku ba: ko dai kwamfutar ba ta mutu da gaske ba, ko an bar wata ƙofa a buɗe wadda wuta ke bi tana fita, ko kuwa batirin ne da kansa ya tsufa. Mai haƙuri yana iya gane wanne ne daga cikinsu a ɗakinsa, ba tare da ya kwance ko ƙusa ɗaya ba.

Mu fara da ma'auni, domin ba kowace raguwa ce cuta ba. Kusan dukkan kwamfutocin nan suna aiki ne da batirin litiyam, wanda kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fara fitarwa kasuwa a 1991, wanda kuma saboda shi aka bai wa masana uku, watau John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, lambar Nobel ta kimiyyar harhaɗa sinadarai a 2019. Wannan batir kamar randar ƙasa yake: ko ba a ɗebi ruwan cikinta ba takan yi ɗan tsattsafo. Idan lafiyayye ne, abin da yakan zubar da kansa kamar kashi 2 ne zuwa 3 cikin 100 a wata guda, zafi kuma yana ƙara masa. Saboda haka wanda ya ga ragin kashi ɗaya ko biyu bayan kwanaki kada ya damu. Amma kashi 10 a dare ɗaya magana ce dabam.

Ɗan lissafi zai nuna yadda ƙaramin abu ke jawo babbar ɓarna. A ce batir yana ɗaukar wat-awa 50, watau zai iya ba da wat ɗaya har tsawon awa 50. Idan wani ɓangare na kwamfutar yana zuƙar sulusin wat kawai, abin da bai kai rabin ƙarfin ƙaramar tocila ba, to, a yini da kwana zai sha wat-awa 8, kashi 16 cikin 100 ke nan. Kafin mako ya zagayo batir ya ƙare ƙarƙaf.

Barci ba mutuwa ba ne

A 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fito da wata ƙa'ida mai suna ACPI, wadda ta tsara matakan hutun kwamfuta. Uku daga cikinsu ne suka shafe mu. Na farko shi ne barci. A nan fuskar kwamfuta takan yi duhu, fanka ta yi shiru, amma ana ci gaba da bai wa ma'ajiyar wucin gadi wuta domin kada aikin da ke cikinta ya goge. Kamar garwashi ne da aka binne a toka da daddare: ba harshen wuta, amma gawayi yana ci. Na biyu shi ne dogon barci, inda kwamfuta ke kwashe duk abin da take yi ta rubuta a rumbun ajiya, sa'an nan ta yanke wuta, kamar yadda gaiwa ke shigewa cikin laka ta jira damina. Na uku shi ne kashewa. Ko a wannan mataki ma akwai ɗan maigadi da ba ya runtsawa, watau wani ƙanƙanin ɓangare mai jiran a danna maɓallin kunnawa, mai lura da caji da agogo. Abincinsa kaɗan ne ƙwarai, in dai komai yana tafiya daidai.

Mutane da yawa da ke cewa sun kashe kwamfuta, murfinta kawai suka rufe, rufe murfi kuwa a yawancin kwamfutoci barci ne. Daɗin daɗawa, barcin ma ya sauya. Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, aka shigo da wani sabon salo wanda aka kwaikwayo daga wayar salula, inda kwamfuta ke iya riƙe hulɗa da intanet tana barci, ta karɓi saƙonni, ta ɗauko gyare-gyare. Idan wata manhaja ta ƙi sakin aikinta, sai kwamfutar ta kwana a farke cikin jaka. Alamar wannan ba ta ɓuya: a sa hannu a taɓa, in an ji ɗumi bayan awoyi da rufewa, to, ba ta kwanta ba. Da yawa daga cikin kwamfutocin Apple da aka ƙera daga 2016 su kuma sukan kunna kansu da zarar an ɗaga murfi ko an jona caja. Matafiya su lura da wannan musamman, domin dokar jiragen sama ita ce duk kwamfutar da za a sa cikin kayan awo sai an kashe ta gaba ɗaya, ba a yarda da barci ba, saboda gudun gobara.

Har ila yau a 2012 ɗin aka ƙara wa Windows wata dabara ta saurin tashi, wadda a cikin saituna aka rubuta sunanta Fast Startup. Idan tana aiki, umarnin kashewa ba ya kashe komai da komai, sai dai ya rufe ayyukan mai kwamfuta, ya adana zuciyar manhajar a rumbu domin gobe a tashi da wuri. A mafi yawan kwamfutoci wannan ba ya cin batir. A waɗansu kuwa, musamman masu tsofaffin manhajojin sarrafa sassa, yakan bar wani ɓangare da wuta a jikinsa. Mai son cikakkiyar kashewa sai ya danne maɓallin Shift yayin da yake ba da umarnin.

Ƙofofin da aka bari a buɗe

Idan an tabbata kwamfuta ta mutu amma caji bai daina raguwa ba, sai a duba kafofin USB da ke gefenta. Masu ƙera kwamfuta sukan bar ɗaya daga cikinsu da wuta ko bayan an kashe, domin mutum ya iya cajin wayarsa a hanya. Akan gane ta da ɗan zanen walƙiya ko na batir a kusa da ita, a waɗansu kwamfutocin Lenovo kuma launinta rawaya ne. Kamfanin Dell yana kiran wannan tsari PowerShare, Lenovo kuwa Always On USB. Abu ne mai amfani, sai dai duk abin da aka manta a jikin kafar, ko da ɗan tsinken linzami marar waya ne wanda bai kai ɗan yatsa ba, yana iya kwana yana tsotso.

Ƙofa ta biyu ita ce tsarin da ke ba da damar a tashi kwamfuta daga nesa ta hanyar sadarwa. An yi shi ne domin manyan ofisoshi, inda ma'aikaci ɗaya ke kula da ɗaruruwan kwamfutoci da dare. Kafin ya yi aiki dole ɓangaren sadarwa ya zauna da kunne a buɗe, zaman nan kuwa da wuta ake yinsa. Wanda ya sayi kwamfutar gwanjo da ta fito daga wani ofishi a Turai ko Amurka yana iya gadon wannan saiti bai sani ba. Duka ƙofofin biyu ana rufe su ne a shafin saituna na asali da ake kira BIOS, wanda akan shiga ta danna wani maɓalli da zarar an kunna: F2 a kwamfutocin Dell, F10 a na HP, F1 a ThinkPad. Wanda ya shiga ya taɓa abin da ya kai shi kaɗai, sauran ya bar kaza cikin gashinta.

Idan laifin batir ne

Batir yana tsufa ta hanya biyu, da yawan caji da kuma yawan kwanaki. Apple, alal misali, ya ce an tsara baturan kwamfutocinsa na zamani su riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsu bayan cikawa da ƙarewa sau 1,000. Babban abokin gābar batir shi ne zafi. Kwamfutar da ake bari cikin rufaffiyar mota da tsakar rana a Jidda ko Khartum ko Njamena, batirinta zai riga na takwararta tsufa da nisa.

Mai amfani da Windows yana iya tambayar kwamfutar da kanta. A buɗe akwatin rubuta umarni a rubuta powercfg /batteryreport, sai ta fitar da rahoto mai nuna lambobi biyu: ƙarfin da aka ƙera batir da shi, da ƙarfin da yake iya ɗauka yanzu. Idan na biyu ya faɗo kusan rabin na farko, an sami mai laifi. Tsohon batir kuma yakan ruɗa ma'aunin da ke cikinsa, domin lambar da muke gani kintace ce kawai. Sai ya nuna kashi 90 da dare, da safe ya nuna 50, ba don wutar ta zube ba, tun asali babu ita. Wani lokaci akan daidaita ma'aunin ta barin batir ya sauka ƙasa sosai sau ɗaya, sa'an nan a cika shi ba yankewa.

Alama ɗaya ce ba ta jiran gwaji. In an ga gindin kwamfuta ya kumbura, ko wurin shafa yatsa ya ɗago, ko murfi ya daina rufuwa daidai, to, batir ya tara iska a ciki. A daina caji nan take, kada a danna shi, kada a huda shi, a kai wa mai gyara.

Yadda za a bi sawu

Sirrin binciken shi ne a sauya abu ɗaya tak a kowane dare, a kuma rubuta lamba kafin da bayan. Daren farko a cika batir, a zare caja da duk abin da ke jone, a kashe tare da danne Shift. Idan da safe ragin bai wuce kashi ɗaya ko biyu ba, batir lafiya lau yake, matsalar tana wajen barci ko saurin tashi ko wani abin da ake mantawa a kafa, sai a riƙa mai da su ɗaya bayan ɗaya har ɓarawon ya bayyana. Umarnin powercfg /sleepstudy ma yana nuna abin da ya hana kwamfuta barci, a kwamfutoci masu sabon salon. Idan ragin yana nan, dare na biyu a rufe ƙofofin nan biyu na BIOS. In bai daina ba, a duba rahoton batir, a kuma leƙa shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ko ya fitar da gyaran BIOS. Sai an bi duk waɗannan an rasa, rahoto kuma ya nuna batir da sauran ƙarfinsa, sa'an nan za a zargi allon sassan da ke ciki, inda danshi ko wani ɓangare da ya ƙone ke iya buɗe wa wuta hanya. Wannan kam aikin gwani ne.

Saura magana ɗaya ga wanda zai ajiye kwamfuta ya yi doguwar tafiya, ko hutu ko aikin Hajji. Kada ya bar ta a cike maƙil, kada kuma ya bar ta fanko. Rabi shi ne daidai, a kashe ta gaba ɗaya, a sa ta wuri mai sanyi marar danshi, in ajiyar ta yi tsawo a ƙara mata caji zuwa rabi duk bayan wata shida. Dalili kuwa shi ne batirin litiyam da ya ƙare ƙaf ya daɗe a haka yakan lalace daga ciki, har na'urar tsaron da ke jikinsa ta hana shi karɓar caji har abada. Ga mazaunin garin da wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, wanda batirin nan ne guzurinsa na aiki, gwajin dare biyu ko uku da fensir da 'yar takarda ya fi sauƙi a kan kuɗin sabon batir.