Harba-ka-ruga: Abubuwan Mamaki Daga Bakin Bindigar Maharba

Jama'a, yau mun leƙa jakar maharban Wudil, kuma abin da ke ciki ya fi ƙarfin zomo. Ku matso, amma kar kowa ya tsaya a gaban bakin bindiga.

Sunan kansa bayani ne. Bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki sau ɗaya take tashi, kafin ka sake ɗuri kuwa mugun dawa ya iso inda kake, shi ya sa Bahaushe ya raɗa mata harba-ka-ruga. Mai ita sai ya haɗa da ƙafa mai kyau.

Wasu kuma bindigar baushe suke ce mata, wasu bindigar toka. Sunaye kamar na 'yar fari a gidan kaka.

Kalmomin bindiga, albarushi da harsashi kuwa duk baƙi ne da suka zama 'yan gari. Bindiga daga Larabci take, asalinta sunan wani ɗan itace mai kama da gujiya da aka kwatanta harsashi da shi, albarushi daga barudu, harsashi kuwa daga sunan dalma. Ashe maharbi ma yana jan Larabci, bai dai sani ba.

Albarushin kansa Sinawa ne suka gano shi wajen ƙarni na 9, suna cikin neman maganin tsawon rai. An je neman ƙiba, an samo rama.

Tsohon maharbi ba ya yawo da sikeli. Idan ya zuba albarushi ya danna tsumma, sai ya zura sandar ɗuri ya auna abin da ya rage a waje da yatsunsa, nan yake gane ko ɗurin ya yi daidai ko ya zarce. Lissafi ne da ba a koyarwa a aji.

Kuma kowace dabba da irin abincinta. Zabon daji da makwarwa ƙananan ƙwayoyi masu watsuwa ake zuba musu, babbar dabba kuwa sai dunƙulen dalma guda. Wanda ya ɗura wa makwarwa na barewa, gashi kawai zai kai gida, uwargida ta yi miyar kuka lami.

Idan dalma ta yi wuya, ƙwayar boris ɗin keke ko guntun ƙusa ma sukan shiga layi. Maƙera dai ba sa murna da wannan, don taurin ƙarfen yana cin cikin bututun. Keke ya mutu, amma bai daina gudu ba.

Mai zarin ɗuri kuwa kafaɗarsa ce ke fara ba da labari, wani lokacin ma bututun ya tsage. Mafi muni shi ne mai mantuwa, wanda ya ɗura jiya ya sake ɗurawa yau a kai. Bindiga ba tuwo ba ce da za a yi mata ƙari.

Albarushi ba ya shiri da danshi, shi ya sa da damina, musamman a fadamun bakin kogin Wudil, maharbi ke lulluɓe nasa kamar jariri. Wani sa'in a ja kunama ta yi shiru, sai can ta tuna da aikinta ta tashi. Kar ka leƙa ka tambaye ta lafiya.

Da ta tashi kuwa farin hayaki ke turnuƙe gaban mai harbi, sai ya washe kafin ya san ko ya samu. Kare ne ke fara sanin sakamako.

Ita wannan harba-ka-ruga, Turawan Ingila bindigar mutanen Denmak suke kiranta, saboda fataken ƙasar da suka riƙa sayar da ita a gaɓar Ankara ta Gana. Mutanen Denmak ɗin sun sayar da ganuwoyinsu a 1850 sun koma gida, sunan ya ƙi bin su.

A 1890 kuma ƙasashen Turai suka zauna a Brussels suka taƙaita shigo da bindigogin zamani yawancin Afirka, amma suka bar ƙofa a buɗe ga masu ƙyastu da albarushinsu. Su nama, mu romo.

Damagaram ba ta jira kowa ba, don tun a ƙarni na 19 an riƙa haɗa albarushi har da ƙera igwa a can. Maƙerin gida ma ya san wuta.

Ranar hawan Sallah a Kano, 'yan bindiga albarushi zalla suke ɗurawa, babu harsashi ko ɗaya, ƙara da hayaki kawai ake nema. Doki ya saba, baƙo ne ke neman takalminsa.

Idan kuma maharbin Wudil ya ce maka ya harbi gada, tambaye shi wacce. Ta daji ana gasa ta, ta kan kogi kuwa motocin shanu na jiran ta ranar Juma'a.