Rajkumar Hirani: daraktan da ke sa Indiyawa dariya a kan abin da ke ci musu rai

Masu kallon fina-finan Indiya a Maraɗi, Damagaram ko Tawa sun san fuskar Aamir Khan da Sanjay Dutt da Shah Rukh Khan, amma kaɗan ne za su iya faɗin sunan mutumin da ya rubuta "3 Idiots" da "PK" kuma ya ba da umarninsu. Sunansa Rajkumar Hirani. Daga 2003 zuwa 2023 fim shida kacal ya yi, kuma dukkansu a kan hanya ɗaya suke: ya ɗauki wani wuri da talaka ke shakka, asibiti ko makaranta ko ofishin biza, ya sa a yi masa dariya har a ga aibinsa.

An haifi Hirani ranar 20 ga Nuwamba 1962 a birnin Nagpur. Iyalinsa ƴan asalin Sindh ne, yankin da ya koma cikin Pakistan lokacin da aka raba ƙasar a 1947. Mahaifinsa yana da makarantar koyon buga tafireta. Hirani ya karanci harkar kasuwanci, daga baya ya shiga babbar makarantar fim ta ƙasa da ke Pune, inda ya koyi tace fim, wato yanka hotunan da aka ɗauka da jera su har su zama labari. Ya yi shekaru yana aikin tallace-tallace a Mumbai kafin ya haɗu da furodusa Vidhu Vinod Chopra, wanda ya ba shi aikin tace "Mission Kashmir" a 2000. Har yau shi ke tace fina-finansa da kansa, abin da ba kasafai manyan daraktocin Indiya ke yi ba.

Fim ɗinsa na farko, "Munna Bhai M.B.B.S." na 2003, labarin wani ɗan daba ne da ya yi wa iyayensa ƙaryar cewa shi likita ne. Da asirinsa ya tonu, sai ya kutsa makarantar likitanci, ya tarar ana kallon majinyaci kamar lambar gado. A 2006 ɗan dabar ya dawo a "Lage Raho Munna Bhai", inda yake ganin Mahatma Gandhi yana koya masa neman haƙƙi ba tare da duka ba. Bayan fitowarsa, wasu masu zanga-zanga a Indiya sun riƙa kai wa jami'ai furanni maimakon jifa, kuma an nuna fim ɗin a hedkwatar Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga wannan fim ne Hirani ya fara rubutu tare da Abhijat Joshi, malamin jami'a a jihar Ohio ta Amurka. Su biyun kan kwashe shekaru a kan labari ɗaya, shi ya sa fina-finan ba su da yawa.

"3 Idiots" na 2009 ya taɓa inda ya fi zafi: ɗaliban injiniya da iyaye suka zaɓa wa sana'a, malaman da ke auna ilimi da hadda, da matasan da ke kashe kansu saboda tsoron faɗuwa jarrabawa. Ya zama fim ɗin Indiya mafi kawo kuɗi a lokacinsa, kuma ya samu karɓuwa sosai a ƙasar Sin, inda ɗalibai ke fama da irin wannan matsi. Sai dai marubuci Chetan Bhagat, wanda aka samo tushen labarin daga littafinsa, ya koka cewa an tura sunansa can ƙarshen fim.

A "PK" na 2014, wani baƙo daga wata duniya ya sauka Indiya yana yin tambayoyin yara a kan masu cin kasuwa da sunan addini. Wasu ƙungiyoyin Hindu sun yi zanga-zanga, har aka farma wasu gidajen sinima. Duk da haka shi ne fim na farko da ya haura rupi miliyar 3 a kasuwar cikin gida ta Indiya.

Salon ya fara gamuwa da suka mai ƙarfi a "Sanju" na 2018, tarihin Sanjay Dutt, wanda kotu ta ɗaure saboda mallakar makamai ba bisa doka ba a shari'ar hare-haren Bombay na 1993. Masu sharhi da dama sun ce Hirani ya wanke abokinsa ne ya ɗora laifin a kan ƴan jarida. A 2019 wata ma'aikaciya a fim ɗin ta zarge shi da cin zarafi, shi kuma ya musanta.

"Dunki" na Disamba 2023, tare da Shah Rukh Khan, ya bi wasu matasan Punjab da aka hana biza suka kama hanyar ɓoye zuwa Landan. Duk wanda ya ga motocin da ke tashi daga Agadas zuwa Libiya ya san irin wannan tafiya. Fim ɗin ya samu kuɗi, amma bai kamo "Pathaan" da "Jawan" da jarumin ya fitar a wannan shekarar ba, kuma wasu sun ce barkwancin ya rage wa wahalar ƴan ci-rani nauyi.

Tambayar da ke gaban Hirani ke nan. Ɗan daba a asibiti da ɗalibi mai tsokanar malami sun ba da dariya, kuma saƙon ya isa. Mutuwa a kan iyaka da hukuncin kotu kuwa ba su cika karɓar raha ba, kuma a nan ne masu sharhi suka fi samun abin faɗa a kansa.