Jaririn da bai yi kuka ba: ina aka kwana kan magani?

Ƴan uwa mata, duk mun san shirun da ɗaki ke yi idan jariri ya faɗo bai yi kuka ba. Naƙuda ta yi tsawo, ko mabiyiya ta saki tun lokaci bai yi ba, iska ta yanke wa ƙwaƙwalwarsa. Wani ya koma, wani ya rayu da farfaɗiya ko shanyewar jiki. Likitoci sun gano ɓarnar ba ta tsayawa nan take: bayan kamar awa 6 sai ta sake tashi, ta yi ta ci har kwanaki. Wannan ɗan tsakanin ne masu bincike ke son su riga ta da magani.

A Turai da Amurka, na'ura ke sanyaya jikin jaririn zuwa digiri 33 da rabi har kwana 3, kuma can yana taimako. Amma da aka gwada kan jarirai 408 a Indiya, Sirilanka da Bangaladash, sakamakon 2021 ya nuna mutuwa ta fi yawa cikin waɗanda aka sanyaya. To ku ji da kyau, kada wata ta ji "sanyi" ta ɗauko ruwan randa. Jaririnmu ɗumi yake so, a ƙirjin uwarsa.

An sa rai sosai ga eritropoyetin, allurar ƙarin jini da ake yi wa masu ciwon ƙoda. A Amurka an haɗa ta da sanyayawa kan jarirai wajen 500. A 2022 aka ga ba ta ƙara komai ba, illa ma ta fi yawa. Ana kuma gwada melatonin, da alopurinol, har da kafeyin. Duk gwaji ne, ba a amince da ko ɗaya ba tukuna. Wanda ya tallata miki su a kasuwa da sunan maganin ƙwaƙwalwar jariri, kuɗinki yake so.

Abin da ya tabbata yana nan kusa: minti ɗaya na farko. A goge jaririn, a murza bayansa, in bai numfasa ba ungozomar asibiti ta hura masa iska da ƴar jakar roba. Ranar awon ciki mu tambaya ko akwai jakar, kuma wa ya iya ta cikin masu aikin dare. A taron asusu mu ware kuɗin mota tun ciki na wata bakwai, mu riƙe lambar direba biyu, don ɗaya kan kashe waya.