Yadda ake auna wace jam'iyya ta fi dacewa da ra'ayin mai zaɓe

Jam'iyyu 18 ne suka tsayar da 'yan takarar shugaban ƙasa a zaɓen 2023. Manomin Batsari ko ɗan kasuwar Safana ba shi da sukunin karanta kundin manufofin kowace ɗaya, don haka sau da yawa alamar jam'iyya ko maganar wani babba ce ke yi masa jagora. A wasu ƙasashe an samar da hanyar rage wannan giɓi.

Hanyar ta samo asali ne a ƙasar Holan a 1989, da wani tsari mai suna StemWijzer wanda aka fara bugawa a takarda. Jamus ta bi sahu a 2002 da Wahl-O-Mat. Masana kan tsara jerin maganganu kan manufofi, kamar 38 da ake amfani da su a Jamus, su miƙa wa jam'iyyu domin kowace ta bayyana matsayinta. Shi ma mai zaɓe sai ya amsa: na yarda, ban yarda ba, ko ina tsaka-tsaki. Amsa iri ɗaya maki biyu ce, ta kusa maki ɗaya, kishiya kuma babu komai. Yana iya ninka nauyin batun da ya fi damunsa, sannan a jera masa jam'iyyun gwargwadon kusancinsu da ra'ayinsa.

Ingancin sakamakon ya dogara ne ga tambayoyin. Idan aka ce “ya kamata a inganta tsaro”, kowa zai amince, ba a bambance komai ba. A mazaɓar Batsari/Safana/Ɗanmusa, da ke maƙwabtaka da Dajin Rugu, tambayar da za ta raba gardama ita ce: a yi sulhu da 'yan bindiga, kamar yadda gwamnatin Aminu Bello Masari ta gwada a 2019, ko kuwa a'a? Haka nan batun tallafin taki da na burtalin shanu.

Sai dai akwai cikas. Dogaro da intanet kaɗai zai bar mutanen karkara a baya, musamman a yankin da aka taɓa katse layukan waya a 2021 saboda tsaro. Dole a yi tambayoyin baki da baki, cikin Hausa da Fulatanci. Sannan 'yan siyasarmu na yawan sauya sheƙa, don haka auna ɗan takara ya fi auna jam'iyya amfani, kamar yadda Smartvote ke yi a Suwizalan tun 2003.

Wannan ma'auni ba ya iya gano mai cika alkawari. Amfaninsa shi ne tilasta wa ɗan takara faɗin matsayinsa a rubuce, ta yadda jama'a za su sami abin tuhumarsa da shi bayan shekara huɗu.